Ƙwallo Da Mafarkin Tsallaka Teku: Ina 'Ya'yanmu Na Gadarif Suka Dosa?

A shekarun baya, idan malami ya tambayi yara a aji abin da kowa yake so ya zama in ya girma, amsar ba ta wuce uku ko huɗu: likita, ko hafsan soja, ko injiniya, ko kuwa babban manomi mai tarakta da gonar da ido ba ya ganin ƙarshenta. A yau duk wanda ke riƙe da alli a makarantun Gadarif zai shaida cewa amsar ta canza. Da yawa daga cikin yara maza ɗan ƙwallo suke so su zama, kuma hankalinsu ya wuce filin wasa na Gadarif, ya wuce na Omdurman, ya tafi Ingila da Sifen da Faransa, in abin ya yi ƙasa kuma Saudiyya ko Katar. Son tamaula da son barin ƙasa sun haɗu a zuciyar yaro guda, sun cuɗe har ba a iya gane wanne ke jan wani.

Wannan al'amari ya shafe mu, mu Hausawan wannan jiha, fiye da yadda muke zato. 'Ya'yanmu ne muke gani kullum bayan la'asar a filayen dafuri na unguwanni, babu takalmi, a kan baƙar ƙasar nan da ke tsagewa da rani, ta kuma zama taɓo mai danƙo da damina. Iyayensu ne kuma ake zuwa wa da daɗin baki a raba su da kuɗin riɗin da suka yi shekara suna wahalarsa. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu dubi maganar daga tushe, ba tare da zagin yara ko raina ƙwallo ba.

Tafiya Gadonmu Ce

Kafin mu ga laifin yaron da ke mafarkin tafiya, ya kamata mu tuna yadda aka yi muka zo nan. Tun kafin zuwan Turawa, maniyyata daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zazzau da Damagaram suke ratso Barno da Wadai da Darfur a ƙasa, suna neman gaɓar Bahar Maliya domin su tsallaka zuwa Makka. Tafiyar takan ɗauki shekaru, domin mutum yakan yada zango ya yi noma, ko ɗinki, ko ya koyar da allo, ya tara guzuri sannan ya ƙara gaba. Wasu sun sauke farali suka dawo suka zauna, wasu kuma tun a hanyar zuwa suka kafa gida. Garin Galabat da ke kan iyakarmu da Habasha tsohon mazauni ne na irin waɗannan mutane da ake kira Takarir.

Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a masu yawa zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar a wajajen 1906. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, da kuma aka soma noman injina a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, guminmu na cikin abin da ya raya wuraren nan.

Saboda haka yaron da ya ce zai tafi nema a wata ƙasa bai zo da baƙon abu ba. Sai dai akwai bambanci. Kakanninmu sun san inda suka dosa, suna tafe cikin ayari da madugu, kuma kowa da sana'ar da za ta ciyar da shi a duk garin da dare ya yi masa. Yaron yau shi kaɗai ne da wayar hannunsa, madugunsa mutum ne da bai taɓa gani ba, sana'ar da ya dogara da ita kuwa karayar ƙafa guda ta isa ta kawo ƙarshenta.

Ƙwallo Ba Baƙuwa Ba Ce A Ƙasar Nan

Yaranmu da yawa sun haddace sunayen 'yan wasan Barcelona da Real Madrid, amma ba su san cewa ƙasarsu na cikin iyayen ƙwallon Afirka ba. An kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Sudan a 1936, ta shiga FIFA a 1948. A Khartum aka kafa hukumar ƙwallon Afirka, wato CAF, cikin watan Fabrairu na 1957, da ƙasashe huɗu: Sudan, Masar, Habasha da Afirka ta Kudu. A nan ne kuma aka buga gasar cin kofin Afirka ta farko a wannan wata. A 1970 Sudan ta ɗauki kofin a gida bayan ta doke Gana da ci 1 da nema. A 1989 Merrikh ta ci kofin zakarun kofuna na Afirka a hannun Bendel United ta Nijeriya, Hilal kuwa ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun nahiyar a 1987 da 1992.

Ficewar 'yan wasa ma tana da tarihi. A 1976 gwamnatin Numairi ta rusa kulob-kulob da sunan mayar da wasanni ga talakawa, sai gwanaye da dama suka kama hanyar ƙasashen Larabawa masu arzikin mai. Ko da aka janye matakin, ɓarnar ta riga ta auku. Daga 1976 Sudan ba ta sake zuwa gasar kofin Afirka ba sai a 2008, shekara 32 ke nan.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, ya mayar da ƙwallon ƙasar kanta 'yar gudun hijira. Hilal da Merrikh sun buga kakar 2024 zuwa 2025 a gasar Muritaniya, daga baya suka koma ta Ruwanda. Ƙungiyar ƙasa a ƙarƙashin koci Kwesi Appiah, mutumin Gana, ta riƙa karɓar baƙi a filayen aro. Duk da haka a Oktoban 2024 ta doke Gana da ci 2 da nema a Libiya, ta kuma samu gurbin gasar kofin Afirka ta 2025 a Maroko. A Agustan 2025, a gasar 'yan wasan cikin gida, ta lallasa Nijeriya da ci 4 da nema a Zanzibar, muka yi murna kamar kowane ɗan Sudan. To amma yaro mai lura ya ɗauki wani darasi daga ciki: idan manyan kulob na ƙasarsa ma sai sun fita waje suke samun filin wasa, shi me zai zauna yi?

Labarin Wani Ɗalibi

A cikin ɗalibanmu na sakandare akwai wani yaro ɗan shekara 16, wanda za mu sakaya sunansa saboda mutuncin gidansu. Da ƙafar hagu yake wasa, kuma duk wanda ya gan shi da ƙwallo ya san Allah Ya yi masa baiwa. Mahaifinsa ƙaramin manomi ne, yana da 'yar gonar riɗi da dawa, da rani kuma yana dako a kasuwar amfanin gona.

Da aka rufe makarantu a 2023, azuzuwa suka zama masaukin waɗanda suka gudo daga Khartum, daga baya na Wad Madani da na Sinja suka biyo, yaron nan ba shi da abin yi sai ƙwallo safe da yamma. Ko da aka koma karatu, ƙafarsa ta ƙara gwaninta, karatunsa kuwa ya ja baya ƙwarai. Duk insha'in da aka ba shi, ko da a kan damina ne, sai ya karkata shi zuwa ranar da zai sauka a Ingila ya gina wa mahaifiyarsa gidan siminti a maimakon bukkar ciyawa.

Ana nan sai wani mutum ya same shi ta Facebook, ya ce shi wakilin 'yan wasa ne. Ya nemi hoton bidiyo na wasansa, bayan kwana kaɗan ya ce wani kulob a Turkiyya ya yaba, yana gayyatarsa gwaji. Abin da ya rage kawai kuɗin biza da na jirgi da na rajista, a biya kashi uku. Mahaifin ya sayar da wani ɓangare na riɗinsa ya tura kashin farko. Sai da aka zo kashi na biyu ne ya kawo takardar gayyatar makaranta, don da Turanci aka rubuta ta, yana so a karanta masa.

Malamin Turanci ya duba, sai ya ga tambarin kulob ɗin yana nan ɓaro-ɓaro, amma adireshin da aka aiko da ita irin wanda kowa ke iya buɗewa kyauta ne, kuɗin kuma asusun wani mutum ake turawa. Muka ba mahaifin shawara ya nemi abu uku: lambar lasisin wakilin, da sunan jami'in kulob ɗin da za a iya tuntuɓa, da kuma dalilin da zai sa kulob mai son ɗan wasa ya kasa biya masa kuɗin jirgi. Tun daga ranar da aka aika da tambayoyin nan ba a sake jin ɗuriyar mutumin ba, kuɗin farko kuwa sun bi ruwa.

Abin da ya fi ba mu tausayi shi ne yaron ya yi makonni yana fushi da malamansa, yana ganin mu ne muka kori arzikinsa da yawan bincike. Wannan ya nuna mana zurfin abin. Ɗan damfara ba sai ya wahala ba, domin ya tarar da zuciyar da ta riga ta shirya yarda da shi.

Waɗanda Suka Dace, Ta Wace Ƙofa Suka Bi?

Yara sukan kawo mana misalin waɗanda suka yi nasara, kuma gaskiyarsu ne, akwai su. Amma mu dubi hanyar kowane ɗaya.

Almu'iz Ali, wanda aka haifa a Khartum a 1996, yana ƙaramin yaro ya koma Katar, ya samu horo a makarantar wasanni ta Aspire, inda ake haɗa karatu da ƙwallo. A gasar kofin Asiya ta 2019 ya ci ƙwallo 9, abin da ba a taɓa yi ba a gasa guda, Katar kuma ta ɗauki kofin. Shi ma sai da aka kai ƙarar cancantarsa ta buga wa ƙasar, takardu ne suka fisshe shi.

Muhammad Isa da ƙanensa Abubakar, su ma haifaffun Khartum ne, da iyalinsu suka koma Landan suna yara. Sun yi shekaru suna buga wa ƙananan kulob na unguwanni kafin a san da su. Muhammad ya haura shekara 20 kafin Cheltenham ta ɗauke shi a 2017, Abubakar kuwa yana cikin karatun jami'a a fannin kimiyya Shrewsbury ta saye shi a 2018. Daga baya dukansu biyu sun sa rigar Sudan.

Daga ƙasar kakanninmu kuma akwai Tijjani Babangida na Kaduna, wanda ya tashi daga Niger Tornadoes zuwa Holan, ya buga wa Ajax, ya kuma ci lambar zinare da Nijeriya a wasannin Olamfik na 1996. Akwai Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 a kaka guda a Kano Pillars tun yana ɗan shekara 17. Kulob ɗin VVV Venlo na Holan ya saye shi a 2010, amma dole ya jira har ya cika shekara 18 ranar 14 ga Oktoba na wannan shekara kafin a ba shi izinin buga wasa. Daga nan ne ya wuce Rasha, sannan Leicester ta Ingila a 2016.

Mai karatu zai lura da abu guda. A cikin mutanen nan babu wanda ya ratsa Sahara a bayan mota, babu kuma wanda ya fara da tura kuɗi ga baƙon da ya gamu da shi a waya. Ko dai sun tafi da iyayensu, ko kuwa sun yi suna a gida tukuna har aka zo nemansu da takarda a hannu.

Abin Da Dokar Ƙwallo Ta Ce

Iyaye da yawa ba su san cewa tun 2001 FIFA ta hana a sayi ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata matuƙar bai cika shekara 18 ba. Wannan ita ce doka ta 19 a ƙa'idojinta na musayar 'yan wasa. Akwai 'yan togaciya kaɗan, babba daga ciki ita ce idan iyayen yaro ne suka ƙaura saboda wani dalili da bai shafi ƙwallo ba. Dokar ba ta wasa ba ce, don ta hau kan Barcelona a 2014, da Chelsea a 2019, aka hana su sayen 'yan wasa na wani lokaci. To idan manya irin waɗannan ba su tsira ba, duk wanda ya ce zai kai ɗanka mai shekara 15 ko 16 wani kulob a Turai, ko dai bai san doka ba, ko kuwa yana fatan kai ne ba ka san ta ba.

Haka kuma tun 2023 FIFA ta dawo da tsarin lasisi ga wakilan 'yan wasa, sai mutum ya ci jarrabawa, kuma tana wallafa sunayen masu lasisin a shafinta na intanet. Wakili ba shi da ikon ƙulla wata yarjejeniya da ƙaramin yaro sai da yardar waliyyinsa a rubuce.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A 2015 gidan rediyon BBC ya bankaɗo yadda aka kwashi yara 23 daga Afirka ta Yamma, wasu 'yan shekara 14, aka kai su wani kulob mai suna Champasak United a ƙasar Lawos, can gabashin Asiya, da sunan makarantar ƙwallo. Da ƙyar ƙungiyar 'yan wasa ta duniya ta taimaka aka dawo da mafi yawansu gida.

Ko a inda komai yake bisa ƙa'ida, ƙofar ƙunci gare ta. Wani ɗan jaridar Ingila, Michael Calvin, ya kawo lissafi a 2017 cewa daga cikin yara miliyan ɗaya da rabi da ke buga ƙwallo a ƙungiyoyin matasa na ƙasar, kimanin 180 ne kacal za su kai ga babbar gasar Firimiya. Waɗannan fa yara ne da aka haifa a can, da filaye masu ciyawa da likitoci da masu horarwa.

Wani abin lura kuma, akwai lokacin da 'yan wasan Nijeriya ne ke tururuwar zuwa nan neman abinci. Kelechi Osunwa ya yi suna a Hilal da Merrikh, Yusuf Muhammad ya tsare wa Hilal baya, Stephen Worgu ya baro Enyimba zuwa Merrikh a kan maƙudan kuɗi. Endurance Idahor kuwa a filin wasa ya yanke jiki ya faɗi ranar 6 ga Maris, 2010, yana sanye da rigar Merrikh, rai ya yi halinsa. Ashe inda wani yake gudu, nan ne wani yake nema.

Hanyar Sahara Da Teku

Haɗarin da ya fi damfara muni shi ne yaro ya yanke ƙauna da hanyar ƙa'ida, ya ce bari ya fara isa Turai ko ta halin ƙaƙa, in ya so ƙafarsa ta yi masa magana a can. Mu mutanen gabas mun san wannan hanya, domin shekara da shekaru muna ganin matasan Eritiriya da Habasha suna ratsa Kasala da Gadarif zuwa Khartum, daga can su nufi Kufra a Libiya. Ranar 3 ga Oktoba, 2013, jirgin ruwa ya nutse kusa da tsibirin Lamfedusa na Italiya, mutum fiye da 360 suka mutu, akasarinsu 'yan Eritiriya. Ranar 24 ga Yuni, 2022, a shingen Melilla da ke tsakanin Maroko da yankin Sifen, hukumomin Maroko da kansu sun amsa mutuwar mutum 23, masu kare haƙƙin bil'adama kuma suka ce adadin ya fi haka. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi yunƙurin tsallakawa a ranar 'yan Sudan ne.

Wanda ya tsira daga duk wannan ya isa, sai ya tarar babu kulob ɗin da zai yi masa rajistar ƙwararren ɗan wasa ba tare da izinin zama da na aiki ba. Shekarun da ya kamata ya yi yana samun horo, tsakanin 16 da 21, sun tafi a hanya da gidajen tsare baƙi da jiran takarda. Ƙwallo kuwa ba ta jiran kowa.

Maganar Takardu

A nan ne matsalarmu ta bambanta da ta sauran maƙwabta. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya tabbatar kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun 31 ga Disamba, 1897. Daga baya aka matso da ranar zuwa 1924, dokar 1994 kuma ta mayar da ita 1 ga Janairu, 1956. A ƙarƙashin wannan doka mafi yawan gidajenmu ba su da wata tababa. Amma dattawanmu sun san irin tambayoyin da akan yi wa mai suna irin namu. Ba mu manta da Oktoban 2008 ba, lokacin da wata jarida ta danganta wa shugaban ƙasa na lokacin maganar da ta taɓa asalinmu, aka yi zanga-zanga har da asarar rayuka a nan Gadarif, ko da yake an musanta maganar. Ba mu kuma manta da rikicin jihar Nilu Shuɗi na 2022 ba. Yaron da ya tashi yana jin ana tambayar ko shi ɗan ƙasa ne, ba abin mamaki ba ne in ya riƙa hangen wata ƙasa.

Maganin wannan yana hannunmu, aƙalla rabinsa. Tun 2011 aka shigo da lambar ɗan ƙasa, wadda fasfo da sauran takardu suka dogara a kanta. Duk da haka har yanzu akwai gidajen da ba sa karɓar takardar haihuwa, sai yaro ya girma a je a ƙiyasta masa shekaru, a rubuta 1 ga Janairu. A ƙwallon zamani wannan babban cikas ne. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Nijeriya a 2009 ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'ura don gano masu rage shekaru. Yaron da aka rage wa shekaru don a taimake shi, an ɗaura masa abin da zai kunyata shi ranar da ya fi bukatar a yarda da shi.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Ga iyaye, shawararmu ta farko ita ce kada a raina baiwar yaro. A'isha Fallatiya, 'yar malami ce Bahaushe wanda bai so ta yi waƙa ba, amma ita ce ta zama cikin matan farko da aka ji muryarsu a gidan rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940, kuma har yau idan aka ambaci riɗin Gadarif sai an tuna da waƙarta. Uban da ya kori maganar ƙwallo da tsawa bai kashe mafarkin ba, ya dai sa ɗansa ya daina gaya masa ne, ya koma shawara da baƙi a waya. A saurari yaro, a je a kalli wasansa ko sau ɗaya, sannan a gindaya masa sharaɗin karatu. Kuma kada a tura ko fam guda ga wanda ya ce shi wakili ne sai an kai takardar wurin mai iya karanta ta.

Ga masu kula da ƙungiyoyin unguwanni, a yi wa yara rajista da hukumar ƙwallo ta Gadarif da sunansu da shekarunsu na gaskiya. Wannan har riba gare shi. A dokar FIFA, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob ɗin da suka rene shi tun daga shekara 12 zuwa 23. Ƙungiyar da ba ta rubuta sunan yaronta ba, ba ta da hujjar karɓar ko sisi. Kuma tsanin yana nan a gida: daga ƙungiyar matasa zuwa gasar gari, daga nan zuwa babbar gasar Mumtaz, wadda Shurta ta Gadarif ta yi shekaru tana bugawa, inda Hilal da Merrikh da masu zaɓen 'yan wasan ƙasa ke sa ido.

Ga 'yan'uwanmu malamai, mu farfaɗo da gasar makarantu, mu kuma yi amfani da son ƙwallo wajen jawo yara ga darasi. Yaron da ke son Ingila yana da dalilin koyon Turanci, wanda ke son ya san nisan Madrid yana da dalilin buɗe taswira. Mu nuna musu cewa ɗan wasan da bai iya karanta yarjejeniyar da zai sa wa hannu ba, bawan wanda ya karanta masa ne. Jarrabawar shahadar Sudan da aka jinkirta saboda yaƙi, aka zo aka yi ta a ƙarshen Disamban 2024, ta nuna mana yadda shekara ke kuɓuce wa ɗalibi cikin sauƙi. Mai shahada a hannu yana da Jami'ar Gadarif, wadda aka kafa tun 1994, yana kuma da hanyar fita waje ta karatu, wadda ta fi ta ƙwallo faɗi nesa ba kusa ba.

Ga attajiranmu na kasuwar riɗi da shugabannin al'umma, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuɗin da zai gyara fili guda, ya sayi raga da ƙwallaye da takalma, ya biya wa matashi guda kwas ɗin horarwa, bai kai ribar mota guda ta riɗi ba. A kafa kwamiti a kowace unguwa da zai bi gida-gida ya tabbatar kowane yaro yana da takardar haihuwa da lambar ɗan ƙasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wataƙila a cikin yaran da ke gudu a filayenmu akwai wanda wata rana za mu gani a talabijin sanye da rigar ƙasa, ko ta wani babban kulob na ƙetare, kuma muna roƙon Allah Ya nuna mana ranar. Amma mu tuna cewa kowane guda da ya kai can, akwai ɗaruruwa da za su zauna tare da mu a nan, su yi aure, su riƙe gida. Hakkinmu ne mu shirya su duka, mai tafiya ya tafi ta ƙofa da mutuncinsa, mai zama kuma ya zauna da abin dogaro a hannunsa. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, Ya shirya mana zuriya, Ya sa mu dace.